Man kifi ba zai maye gurbin maganin sikizofiriniya ba

Bidiyon nan na mai tallan ƙwayoyin man kifi da kuke ta turawa, don Allah ku daina. Mutum ya zauna gaban kyamara yana gaya wa iyalan masu sikizofiriniya, ciwon taɓin hankalin nan da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin mutane, wai su ajiye maganin asibiti, Omega-3, kitsen da ke cikin man kifi, ya wadatar. Wannan ganganci ne da ran mutane.

Kada wani ya zo min da "ai akwai bincike". Akwai, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya aka yi shi, ya fito a 2010. Matasa 81 ne masu alamun farko, cutar ba ta kama su ba tukuna. Rabinsu suka sha man kifi na mako 12, sauran kuma ƙwayoyin da babu man kifi a ciki. Bayan shekara guda, 2 cikin 41 masu shan man kifi ne suka kamu, a ɗaya rukunin kuwa 11 cikin 40. Madalla. Amma babu wanda aka ƙwace wa magani a cikinsu. Da aka maimaita gwajin da mutum 304 a ƙasashe daban-daban, sakamakon 2017 bai nuna wani bambanci ba. Mai tallan ya tsallake wannan.

Abin da ya fi ƙona min rai, shawarar tasa an riga an gwada ta. A Afirka ta Kudu an janye wa wasu marasa lafiya magani, aka ba wani rukuni Omega-3 a madadinsa. Ciwon ya dawo wa mafi yawansu, wasu da tsanani, har aka dakatar da ɗibar sababbin mutane. A 2014 aka wallafa wannan.

Gaskiya ne akwai kitsen DHA, wani nau'in Omega-3, da yawa a bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, EPA kuma, wani nau'in nasa, yana rage kumburi. Wanda ke so ya ƙara man kifi a kan maganinsa da sanin likita, ba laifi. A kan magani na ce. Ranar da muryoyin suka dawo, mara lafiya ya daina barci, ya fara zargin mahaifiyarsa da sa masa guba a abinci, mai tallan ba zai zo jinya ba.

Ku kuma likitoci, ina da magana da ku. Magungunan sikizofiriniya irin su olanzapine da clozapine suna sa ƙiba da hauhawar kitse a jini, ga shi kuma masu wannan cuta suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, yawanci da ciwon zuciya. Mara lafiya ya yi kukan nauyi ya ƙaru, ku ɗora shi a sikeli, ku auna sukarinsa, ku saurare shi. Ƙorafin da aka yi banza da shi ne ke tura mutane hannun masu talla.