Kafin a kawo injin haƙa, wa ya tambayi ƙasar?

Duk lokacin zaɓe sai an raba mana burtsatse, kafin zaɓe na gaba da yawansu sun ƙafe. A zagi ɗan kwangila, a wuce wurin. Ban wanke ɗan kwangila ba, amma jama'a, laifin ya faro tun kafin injin ya iso, domin ba a tambayi abin da ke ƙarƙashin garin ba.

Ƙasan Arewa ba iri ɗaya ba ne. Kano da Zariya da Kaduna suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a saman da ya ruɓe ko inda ya tsage. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa, kai ka haƙa a bayan katangarsa ka tashi da ƙura. Gabas da yamma kuwa kwari ne mai zurfi da yashi da laka suka cike shi cikin shekaru miliyoyi: kwarin Chadi a Borno da Yobe, da kwarin Sakkwato wanda ya miƙe har cikin Nijar da Mali. A nan ruwa kwance yake cikin yashi hawa-hawa, laka ta raba tsakani.

A yankin Maiduguri hawa uku masana suka gano. Na tsakiya da na ƙasa suna can zurfin ɗaruruwan mita, laka ta danne su, shi ya sa da aka huda su wajen shekarun 1960 ruwa ya riƙa tunkuɗo kansa sama babu famfo. Aka yi murna, aka bar rijiyoyi da dama suna kwarara dare da rana ba marufi. Yau ƙarfin ya ragu, wasu sun daina fitowa da kansu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ruwan can ƙasa ba na daminar bara ba ne. Ya taru ne shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu ruwan sama nesa ba kusa ba. Gado muke ci, ba albashi ba. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 kowa ya ga janyewarsa da ido. Na ƙarƙashin ƙasa fa, wa ke aunawa?

Kwarin Binuwai kuma tsagewa ce da ta auku sama da shekara miliyan 100, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Irin wannan tsagewar ce ta ba Nijar man Agadem, ita ce kuma ta kai Shugaba Buhari yankin Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, don ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Ba na ƙin mai. Amma a wannan Gomben, mutanen Dukku sun daɗe suna fama da ruwa mai nisan zurfi, ban ga an kai musu ayarin motoci ba. Masana muna da su, har da waɗanda suka sa ransu a kasada: a 2017 aka kai wa ma'aikatan Jami'ar Maiduguri hari a yankin Magumeri suna aikin neman mai.

Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ta samo asali tun 1919, ga cibiyar albarkatun ruwa a Kaduna. Abin da nake nema ƙarami ne. Duk mai injin haƙa a wajabta masa rubuta zurfin da ya kai, irin ƙasar da ya ratsa, da inda ya tarar da ruwa, ya miƙa wa hukumar ruwa ta jiha kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Rijiyar da ta fita babu ruwa ma a rubuta ta, don kada shugaban ƙaramar hukuma na gaba ya sake huda wurin.