Ɗan rawa: shi ake kira a ƙawata taro, shi ake sallama a ƙarshe

Duk yaron da ya buɗe baki ya ce rawa zai riƙa a matsayin sana'a, maganar mutunci ake fara jifansa da ita: wa zai ba ka 'yarsa, me za ka ce wa surukai kana yi? Ni ba nan damuwata take ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke cin moriyar 'yan rawa ba dare ba rana, amma ba ma biyansu yadda ya kamata, ko sunansu ma ba ma riƙewa.

Jama'a, ku gwada da kanku. Kowa a nan zai iya jero mawaƙa goma bai numfasa ba, tun daga su Shata da Ɗanƙwairo har zuwa na yau. To a kawo min sunan ɗan Koroso ɗaya tak. Alhali su ake fitowa da su idan Kano ta yi manyan baƙi, irinsu ake ɗauka a kai bikin al'adu na ƙasa, wato NAFEST, su wakilci jiha. Wanda ya taɓa ganin 'yan Hoto suna cilla galma sama suna cafewa ya san wannan ba abin da ake tashi da safe a iya ba ne, shekaru ake yi ana koyo, kuma kuskure ɗaya sai a ɗinke wa mutum kai. Amma idan mai gabatarwa ya tashi sai ya ce "'yan rawar gargajiya", shi ke nan.

A wajen biki abin ya fi muni. Mawaƙi ya karɓi kafin alƙalami tun sati biyu baya, mai hoto da mai kayan sauti kowa ya yi cinikinsa. Ɗan rawa kuwa sai a ce masa "ai za a yi liƙi". Liƙin nan ma yaran mawaƙi ne ke tsincewa, sai an watse a damƙa masa abin da aka ga dama, wani lokacin kuɗin mota kawai. Shi kuma ba ya iya buɗe baki, don tun a gida an nuna masa abin da yake yi shashanci ne, ta ina zai tsaya yana cinikin shashanci?

Ga shi kuma jikinsa ne jarinsa, kamar ɗan ƙwallo. Gwiwa da ƙugu ba sa jiran kowa. Mawaƙi yana iya kai shekara 70 yana waƙa a zaune, ɗan rawa da ya doshi 40 ya fara jin jiki. Idan ya gurɗe ƙafa a wajen atisaye, babu inshora, babu mai biyan mai ɗori.

Ban manta da maganar addini ba, kuma ba zan yi shigar malamai ba. Abin da zan ce kawai, wanda zai shiga harkar nan a Kano ya sani akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, akwai Hisbah, kuma cakuɗuwar maza da mata ita ce ta fi jawo rigima. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga Kannywood kan fitowa a bidiyon wata waƙa. Ita tana da suna, ta samu inda ta dafa. Yaron da ke rawa a layin baya idan irin wannan ta faɗo masa, wa zai ma ji labari?

Masu kawo misali da 'yar rawa Kaffy ta Legas, wadda ta shiga kundin Guinness a 2006, su duba da kyau. Ta kafa kamfani, tana koyarwa, tana tsara wa wasu rawa ana biyanta. Can kuɗin yake, wajen mai tsarawa da mai koyarwa. Shi ya sa ƙanena, idan da gaske kake, ka nemi ilimin abin. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandamali, Bayero ma haka. Ka riƙe wata sana'ar hannu a gefe. Mabiyan TikTok kuwa, ko sun kai dubu ɗari, ba su za su biya maka kuɗin haya ba.

Kuma don Allah ka koyi yanka farashi kafin ka ɗaura kayan rawa. Ka faɗi kuɗinka, ka karɓi rabi a hannu, ka ce a ambaci sunanka a lasifika kamar yadda ake ambaton na mawaƙi. Idan mai biki ya ce ai liƙi ya ishe ka, ka tambaye shi ko haka ya gaya wa mai abinci.