Gola, Idan Koci Ya Juya Maka Baya

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuka zaɓi safar hannu kuka tsaya a raga. Ina so mu yi magana a kan ranar da babu golan da yake son tunaninta: koci ya karanto sunayen sha ɗayan farko ka ji sunan wani a gurbinka, sati ya zagayo ka sake jin sunansa, har wata ya shuɗe kana kan benci. Ranar tana zuwa. Ta zo wa waɗanda suka fi mu iyawa da suna nesa ba kusa ba, kuma matakin da kowannensu ya ɗauka bayanta ne ya sa wani ya farfaɗo, wani ya dushe.

Ku fara da sanin cewa bencin gola daban yake da na sauran 'yan wasa. Ɗan gaban da aka ajiye yana sa ran minti ashirin na ƙarshe, tunda yanzu canji biyar ake yi. Ɗan baya zai iya komawa gefe ko tsakiya ya samu abin yi. Gola ba shi da wani wajen zuwa. Matsayinsa irin na na'ibin liman ne, muddin liman yana nan lafiya, to sahun farko zai tsaya. Ku lura da gola na biyu ranar wasa: shi ne zai fito da wuri yana ɗauko wa na ɗaya ƙwallo daga gefe, yana yi masa ɗumin hannu, idan aka busa usur sai ya ja rigar sanyi ya zauna. Lokacin hutun rabi ya fito ya kama 'yan ƙwallaye a gaban 'yan kallon da suka tashi sayen abin sha, ya sake komawa. A haka kaka guda za ta ƙare. Kuma kasuwarsa ƙarama ce, domin ƙungiyoyi 20 ne a gasar Firimiyar Ingila, ke nan raga 20 kacal ake nema wa mai ita.

Abin da ya fi yawan cutar da matasa shi ne gardama da zuciyar koci. A 2016 Pep Guardiola ya karɓi Manchester City, ya tarar da Joe Hart, golan Ingila na ɗaya, wanda ya ci Firimiya da ƙungiyar a 2012 da 2014, ya kuma lashe kyautar safar zinare, ta golan da ya fi yawan wasannin da ba a zura masa ba, sau huɗu. Hart bai manta kama ƙwallo ba. Guardiola dai yana son golan da zai fara gina wasa da ƙafa daga baya, sai ya ɗauko Claudio Bravo daga Barcelona. Ko Bravon ma da ya kasa, ba Hart aka dawo da shi ba, Ederson aka sayo daga Benfica a 2017. Idan tsarin koci ne ya fitar da kai, ƙwazonka a filin atisaye ba zai canja masa tsari ba. Gane wannan da wuri shi ne rabin mafita. Ka je wajen kocin masu tsaron raga, ko shi kansa babban koci, cikin ladabi ka tambaye shi kai tsaye: akwai ni a shirinka ko babu? Amsar da ba ka so ta fi maka amfani a watan Yuni, lokacin da kasuwa take buɗe, a kan ka gano ta da kanka a watan Oktoba bayan an rufe.

Hanya ta farko da kowa ke kawowa ita ce aro, kuma a nan ake yawan zamewa. Hart ya tafi Torino ta Italiya aro, ya buga kaka guda. Ya dawo ya tafi West Ham, can ma Adrian ya karɓe masa raga a tsakiyar kaka, da aka fitar da sunayen masu zuwa Kofin Duniya na 2018 babu shi. Ya koma Burnley, inda Tom Heaton da Nick Pope suke, bai jima ba ya sake samun kansa a benci. Daga nan Tottenham, a bayan Hugo Lloris. Sai a 2021 da ya sauka daga Firimiya gaba ɗaya ya tafi Celtic ta Skotland, inda aka ba shi raga babu mai ja da shi, sannan ya dawo hayyacinsa, ya ci gasar ƙasar sau uku a jere, ya yi ritaya a 2024 da mutuncinsa. A ganina shekarun nan na tsakiya sun tafi ne wajen zaɓen ƙungiyoyin da suke da wani golan da suke ji da shi tun kafin ya iso.

Ku kwatanta da Vincent Enyeama. Ya koma Lille ta Faransa a 2011, ya tarar Mickael Landreau ne a raga, ya shafe kaka yana kallo, alhali shi ne golan Najeriya. Bai tsaya jiran tsammani ba. Ya karɓi aro zuwa Maccabi Tel Aviv, a ƙasar da ya riga ya san ƙwallonta tun zamansa a Hapoel, ya buga wasa, suka ci gasa, a cikin wannan kakar kuma ya ɗauki Kofin Afirka na 2013 da Super Eagles. Da ya dawo Lille raga tasa ce, ya yi wasa 11 a jere ba a zura masa ba, minti 1,062. Aron nan ya yi amfani ne saboda ya je inda aka san shi, ake kuma bukatarsa a ranar da ya sauka.

Saboda haka kafin ka amsa aro, ka tambayi abin da ya sa suke nemanka. Idan golansu ne ya ji rauni, to ranar warkewarsa ita ce ranar sallamarka. Kepa Arrizabalaga ya ga haka. Real Madrid ta ɗauke shi aro daga Chelsea a watan Agustan 2023 bayan Thibaut Courtois ya ji rauni a gwiwa. Suna ne babba, wa zai ƙi? Amma shi ma ya ɗan ji ciwo, Andriy Lunin ya shiga ya riƙe, sannan Courtois ya warke ya buga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Wembley. Kaka ta gaba da ya tafi Bournemouth, ƙungiyar da 'yan gidan kallo ba sa tashi tsaye dominta, a can ya samu wasa sati bayan sati. Mutumin da Chelsea ta saya fam miliyan 71.6 a 2018, kuɗin da ba a taɓa biya a kan gola ba, Arsenal ta ɗauke shi a 2025 a kan fam miliyan 5, ya zama mataimakin David Raya. Darajar gola a kasuwa ba ta jiran kowa.

Hanya ta biyu ita ce a sayar da kai gaba ɗaya, ko da zuwa ƙungiyar da ba ta kai taka suna ba. Wannan ita ce wadda girman kai yake hana mutane, ita ce kuma na fi ba matashi shawara a kai. Emiliano Martinez ya zo Arsenal a 2010 yana yaro. Shekara goma ana aika shi aro: Oxford, Sheffield Wednesday, Rotherham, Wolves, Getafe, Reading. A watan Yunin 2020, lokacin da ake wasa babu 'yan kallo saboda korona, Bernd Leno, golan Arsenal na ɗaya, ya yi tsalle ya kama ƙwallo a filin Brighton, Neal Maupay ya bangaje shi, ya faɗo a kan gwiwa, ihunsa har ta talabijin an ji saboda filin babu kowa. Aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, Martinez ya cire rigar sanyi ya shiga. Ya riƙe raga har suka ci Kofin FA a kan Chelsea. Ga inda nake so ku lura: da Leno ya warke, Martinez bai yarda ya koma jira ba. A watan Satumba ya tafi Aston Villa, wadda da kyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata. Masu dariya suka yi dariya. A 2021 ya fara buga wa Ajantina, ya ci Copa America a shekarar, a 2022 kuma ya miƙa ƙafar hagu ya tare ƙwallon Kolo Muani na Faransa a ƙarshen ƙarin lokacin wasan ƙarshe, suka ɗauki Kofin Duniya a Katar. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ban ce duk wanda ya sauka zai ga irin wannan ba. David Raya ya zo Arsenal daga Brentford a 2023 ya karɓe wa Aaron Ramsdale raga, Ramsdale ya yi haƙurin kaka guda, sannan ya koma Southampton a 2024 don ya buga wasa. Ya buga kuwa, amma ƙungiyar ta gama da maki 12, ta faɗi daga gasar, karo na uku ke nan da hakan ta same shi bayan Bournemouth da Sheffield United. Gola yana cin laifin 'yan bayansa, don haka ka dubi waɗanda za su tsaya a gabanka kafin ka sa hannu. Duk da haka, Newcastle ta neme shi aro bayan faɗuwar, domin masu neman gola suna kallon wanda suka gani a fili ne, ko da ana zura masa.

A gida ma mun ga haka da idonmu. Stanley Nwabali ya bar Katsina United a 2022 ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu, ba Turai ba, ba kuma ɗaya daga manyan ƙungiyoyin ƙasar ba. Yana buga wasa kullum, shi ya sa Jose Peseiro, kocin Super Eagles na lokacin, ya kira shi, ya ba shi raga a Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, ya tare fanareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Maduka Okoye kuma da ya je Watford ya zauna babu wasa, sai da ya koma Udinese a 2023 aka sake jin ɗuriyarsa.

Akwai masu zama, kuma ba zan zage su ba. Scott Carson ya yi shekara shida a Manchester City a matsayin gola na uku, wasa biyu ya buga, ya tara lambobin yabo da albashi mai kyau. Sai dai ya je can ne yana da shekara 33, bayan ya gama yawonsa a Ingila da Turkiyya, kuma dokar Firimiya da ta taƙaita yawan 'yan wasan da ba a rena a ƙasar ba tana sa manyan ƙungiyoyi son irinsa. Aiki ne na dattijon gola. Idan kana da shekara 22 ka zaɓi wannan saboda hoton rigar babbar ƙungiya da za ka sa a Instagram, ka cuci kanka, kuma nan da shekara uku babu kocin da zai iya cewa ya san yadda kake kama ƙwallo.

Barin kwantiragi ya ƙare a tafi kyauta kuwa, sai wanda aljihunsa ya yi nauyi. David de Gea ya bar Manchester United a 2023 bayan shekara 12, da safar zinaren kakar a hannunsa, amma sai da ya yi shekara guda cur babu ƙungiya kafin Fiorentina ta ɗauke shi a 2024. Shi yana da abin da zai ci yana jira. Kai fa?

Duk hanyar da ka ɗauka, ka kiyaye bakinka da wayarka. Duniyar masu tsaron raga 'yar ƙarama ce, kociyoyinsu sun san juna, kuma kafin a saye ka sai an buga waya an tambayi halinka lokacin da aka ajiye ka. Har yau idan aka ambaci Kepa, kafin a tuna ƙwallayen da ya tare, ana tuna ranar da ya ɗaga hannu ya ƙi fita da aka nemi canja shi a wasan ƙarshe na Kofin Carabao na 2019, kocinsa Maurizio Sarri yana kumfar baki a gefen fili. Habaici ga koci a Facebook, ƙin zuwa atisaye, ɓata sunan wanda ya karɓi gurbinka a wajen 'yan jarida, duk suna rage kuɗinka ne a kasuwa. Shi golan da aka sa bai yi maka komai ba, aikinsa yake yi, kamar yadda kai ma ka taɓa karɓar na wani.

Sannan ku san dokokin sana'arku, don jahilcinsu ne yake ba dillalan bogi abinci. A ƙa'idar FIFA, idan saura wata shida kwantiraginka ya ƙare kana da damar ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar. A kaka guda za a iya yi maka rajista da ƙungiyoyi uku, amma biyu kawai za ka buga wa wasan hukuma, don haka aron da ya lalace a watan Janairu zai iya ɗaure ka har ƙarshen kaka. Akwai kuma sashe na 15 na ƙa'idar, wanda ya ce ƙwararren ɗan wasan da ya buga ƙasa da kashi 10 cikin 100 na wasannin ƙungiyarsa yana iya neman raba gari da ita, cikin kwana 15 bayan wasan ƙarshe na kaka. Ana duba yanayin kowa daban, kuma za a iya cewa ka biya diyya, saboda haka kada ka taɓa shi sai da lauya ko ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa. Idan aro ne, a rubuta a takarda wanda zai biya albashinka da kason kowa, ko ƙungiyarka tana da ikon kiranka a tsakiyar kaka, da kuma ko sayenka a ƙarshe zaɓi ne ko dole. Alƙawarin baki na cewa kai ne na ɗaya yana tafiya ne tare da kocin da ya yi shi ranar da aka kore shi. Dillalin da ya ce ka fara turo kuɗin biza da na gwaji kafin ka ga takardar gayyata daga ƙungiya, ka nemi lasisinsa na FIFA, ka kuma tuntuɓi ƙungiyar da kanka ta adireshinta na hukuma kafin ko sisi ya fita daga hannunka.