Rumbu a ƙarƙashin gida

Ranar 18 ga Maris 2020, da sassafe, ƙasa ta girgiza a nan birnin Salt Lake City na Amurka, girgiza mai ƙarfin 5.7, ga kuma korona ta sa an wawashe kantuna. Abin da ke gidana bai wuce shinkafar kwana uku ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar cocin Mormon, ta kira ni ta saukar da ni ɗakin ƙasa na gidanta. Na tsaya baki buɗe. Gwangwanayen alkama da wake da madarar gari ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne an rubuta masa shekarar da aka rufe shi, ga jarkokin ruwa a jere. Ta ɗauko biyu ta miƙo mini ba tare da na roƙa ba.

Cocinsu ne ya koya musu haka. A 1936, lokacin babban matsin tattalin arzikin Amurka, ya kafa tsarin taimakon mabuƙata, har yau kuma yana umartar kowane gida ya tanadi abincin wata uku, da ruwan sha, da ɗan kuɗi, sannan hatsin da zai kai shekara 30 bai lalace ba. A wani wurin cocin da ake kira Welfare Square a nan birnin akwai dogon rumbun siminti cike da alkama, tun 1940 yake tsaye.

Akwai kuma wani abokin aikina da shi ma yake tarawa, amma shi finafinan tashin duniya ne suka shiga ransa, irin waɗanda annoba ke cinye gari, wanda ya tsira ya zama abokin gābar kowa. Abinci ya tara, ya haɗa da harsasai, ko 'yan uwansa ba su san inda ya ajiye ba. Tausayinsa nake ji, don tsoro ya raba shi da mutane tun masifar ba ta zo ba.

Ni kam a ɗakin dattijuwar nan kakana na tuna. Yana da rumbu ɗaya da ba a fasa shi sai an ga sabon gero ya fitar da kai, saboda ya taso yana jin labarin Kakalaba, yunwar 1914. Dami-dami yake jerawa, ba a sussuke ba, daidai da shawarar Annabi Yusuf (AS) a aya ta 47 ta surarsa, cewa a bar hatsi a zangarniyarsa. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. To ina muka samo cewa tanadi rashin tawakkali ne? Wanda aka hana shi ne mai ɓoye hatsi yana jiran ya yi tsada.

Manomin da bashin taki ya sa ya sayar da kaka, ko wanda 'yan bindiga suka ƙone wa rumbu, ba shi nake zargi ba. Da mu nake, masu albashi a birni da mu na ƙetare, da muke sayen mudu-mudu har watan Agusta ya ritsa mu da tsada.

Tun daga 2020, duk kaka nakan aika wa ƙanena kuɗi ya saya wa gidanmu gero da wake. Buhu ɗaya a ciki na maƙwabta ne, kuma na ce masa kada ya jira su zo roƙo.