Angels Flight: An Dawo Da Taragu, An Sauya Igiya

A tsakiyar birnin Los Angeles na Amurka akwai wani ɗan layin dogo da tsawonsa bai kai mita 100 ba, mai hawa tudun Bunker Hill. Angels Flight ake ce masa. Tarago biyu ne kacal, Olivet da Sinai, kuma tun 1901 Kanar J.W. Eddy ya buɗe shi domin mazauna kan tudun su huta da hawan matakala.

Dabarar ba ta da wani surkulle. Igiyar ƙarfe guda ce ta haɗa taragun, kamar guga biyu a bakin rijiya: nauyin mai sauka shi ke taimaka wa mai hawa. A haka ya yi shekara 68 yana aiki, har 1969 da hukumar birni ta rushe unguwar don gina dogayen benaye. Aka kwance shi, aka jibge a ma'ajiya da alkawarin za a mayar. Alkawarin nan sai da ya ci shekara 27.

Ni a ganina, a dawowar ta 1996 aka yi ɓarnar. An gyara taragun katakon, an yi musu fenti sun yi fes, amma aka watsar da tsarin igiya guda, kowane tarago aka ba shi tasa, kuma babu birkin gaggawa a jikinsu. Wato abin da ido ke gani aka adana, abin da ke riƙe da rai aka yi wa kwaskwarima. A Fabrairun 2001 Sinai ya kuɓuce, ya gangaro ya daki Olivet, wani dattijo mai shekara 83 ya rasu.

An sake buɗewa a 2010, a 2013 tarago ya sauka daga kan layi. Abin da masu bincike suka tarar har ban dariya gare shi, in ba don rayuka ba: ma'aikata da reshen bishiya suke danne maɓallin tuƙi, saboda birki ya cika tsayar da jirgin.

Tun 2017 yana aiki, kuma ba na cewa a rufe shi. Sai dai masu hawansa yau galibi baƙi ne riƙe da wayoyi, daga kasuwar Grand Central zuwa California Plaza. 'Yan hayan da suka dogara da shi an tashe su tun kafin a kwance layin.