Sashenmu daban ne, amma gidan ɗaya ne

Jama'a salamu alaikum. Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, abin ya kwana biyu yana cina a rai.

Shekaranjiya da la'asar muna zaune wajen mai shayi a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ana shan jabana, wato kofi, ana hirar yaƙi kamar kullum, sai wani bawan Allah da na daɗe da sani, mutum mai karatu ma, ya kalle ni ya ce wai mu Hausawa daula ce a cikin daula, yarenmu daban, unguwanninmu daban, aurenmu a tsakaninmu, wai irin wannan shi ke rusa ƙasa. Wallahi ban ji haushinsa ba sosai don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, abin da ya dame ni shi ne ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, kuma wannan haɗin ya taɓa cin rayukan mutanenmu.

Masu ilimin zamantakewa sun raba abin gida biyu. A jami'a da Larabci ake koyar da shi, ɗaya sakafa far'iyya ɗaya sakafa mudadda. Ni da Hausa nake ce musu al'adar reshe da al'adar bijirewa. Duk wanda ya tashi a babban gida ya san misalin ba sai an yi masa bayani ba: gida ɗaya, zaure ɗaya, amma kowane sashe da tukunyarsa, matar Baffa miyarta daban matar Yaya miyarta daban, wani sashen ana kwanciya da wuri wani ana hira har dare, amma in gobara ta tashi kowa da bokitinsa zai fito. Wannan ita ce ta reshe. Ta bijirewa kuwa shi ne ɗan gidan da ya miƙe ya ce tsarin gidan nan kaf ɗinsa ba daidai ba ne, ko dai a rushe a sake gini ko ni in fice in yi nawa a kan wata ƙa'idar. Na farko yana cewa ku bar ni da nawa, na biyu yana cewa naku ɗin ne ban yarda da shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

To yanzu a dubi Hausawan Sudan da wannan ma'aunin. Me muka taɓa cewa ba mu yarda da shi ba a cikin abin da ya haɗa mutanen ƙasar nan? Sallarmu ɗaya, mazahabar Malikiyya ɗaya, yaranmu Larabci suke karatu da shi kuma da yawansu ma ya fi musu sauƙi a baki kan Hausar, in ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Marrikh suna wasa gidanmu ma rabuwa yake biyu kamar na kowa. Abin da muka riƙe namu shi ne harshe a cikin gida, da godogodo, da tuwo, da yadda muke biki da suna, da zikirin Tijjaniyya a zawiyoyinmu. Agashe ma ai ya daɗe da fita daga hannunmu ya zama na kowa, ka je Khartum kafin yaƙi ka ga layin da ake yi a gaban mai agashe da daddare, ba wanda ke tambayar asalin naman ko na ƙuli-ƙulin. Aisha Fallatiya, wadda sunanta kaɗai ya gaya maka daga ina iyayenta suka fito, don Fallata ake ce wa 'yan asalin Afirka ta Yamma a nan, ita ce macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a rediyon Omdurman tun farkon shekarun 1940, yau duk Sudan na alfahari da ita. Audugar Jazira tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 hannun kakanninmu na cikin masu tsince ta, riɗin Gadarif da dawarta haka. Wanda ke son rushe gida ba ya yi masa noma.

Kuma ba mu kaɗai ba ne reshe a ƙasar nan. Masu zikirin Hamadun Nil da ke taruwa ranar Juma'a da yamma a Omdurman da korayen kaya da jajaye, reshe ne. Yaran titi da suka ƙirƙiro randok, yaren da in suna yi babba ba ya gane komai, reshe ne su ma, har kalmominsu suka shiga bakin 'yan jami'a.

Ita kuwa ta bijirewa, misalin da aka fi kawowa a littattafai shi ne 'yan hifi na Amurka a shekarun 1960, samari da 'yan mata da suka ce ba sa yin yaƙin Biyetnam, ba sa son rayuwar tara dukiya irin ta iyayensu, suka bar gashi suka koma zaman gungu-gungu, taronsu na Woodstock a 1969 ya tara mutum wajen 400,000. Amma mu ba sai mun je Amurka ba. Maitatsine a Kano ya la'anci agogo da rediyo da keke da duk mai amfani da su, ya ware mabiyansa a unguwar 'Yan Awaki, ƙarshenta a Disambar 1980 sama da mutum 4,000 suka mutu. Wannan mummunar fuskarta kenan. Sai dai ba kullum take sharri ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Zaman dirshan ɗin da matasa suka fara a gaban Kiyada, wato hedkwatar soja a Khartum, ranar 6 ga Afrilun 2019, wanda ya je ya san ba shugaban ƙasa Bashir kaɗai suke cewa ya sauka ba, tsarin shekara talatin gaba ɗaya suke ƙi, da wariyar ƙabila, da dokar da ake yi wa mace bulala a kan wando, suka kafa wata 'yar ƙasa tasu a kan kwalta mai abinci kyauta da asibiti da zane a bango, har ranar 3 ga Yuni da aka watsa su da harsashi a ƙarshen azumi. Yaranmu Hausawa na ciki, kuma sun shiga ne a matsayin 'yan Sudan kamar kowa.

Wani abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihinmu mu kanmu. Yawancin kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, a ƙafa da jakuna, guzuri ya ƙare suka zauna noma. Amma akwai waɗanda bijirewa ce tsantsa ta fito da su. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka sauka a bakin Nilu mai shuɗi kusa da Sinnar, garin da har gobe sunansa Mai Wurno. Mutanen da suka ce a'a ga dukkan tsarin da aka zo musu da shi kenan. To jikokinsu fa? Manoma ne da masunta da malamai da sojoji da 'yan kasuwa. Ya'ni abin yana juyawa, mai bijirewa jiya in ya samu wurin zama da mutunci sai ya zama reshe a hankali. Kuma yana iya juyawa ta ɗaya gefen, wannan shi ne tsorona.

Don ni na ga Yulin 2022. Maganar ƙasar noma ce da neman a ba Hausawan jihar Nilu mai shuɗi sarautarsu ta gargajiya kamar yadda sauran ƙabilu ke da ita, sai aka wayi gari ana kisa a Rusairis da kewayenta, a Oktoba kuma Wad al-Mahi, gidaje suka ƙone, dubban mutane suka gudu. Ba na ɗora wa wata ƙabila laifi a dunƙule, kowane ɓangare ya binne nasa kuma akwai maƙwabtan da suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu, Allah ya saka musu. Amma kalmar da aka riƙa yaɗawa a Facebook lokacin ita ce dai ta mutumin wajen mai shayi, baƙi ne, suna da wata manufa. Alhali wanda ya ce a ba shi kujera a majalisar gida ai ya yarda da gidan kenan, so yake a lissafa da shi.

Ɗan yayata shekararsa 22, a Madani aka haife shi, ubansa ma haka, kakansa ma a Jazira aka binne shi. Da ya je neman rakam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, sai da aka yi ta juya shi a kawo shaida a kawo wani shaidan, abokinsa da suka je tare ya gama a rana ɗaya. Ya samu daga baya, amma tun lokacin maganarsa ta canza. Daren jiya da na ba shi labarin wajen mai shayi sai ya ce mini, Kawu, ni fa na gaji da roƙon a yarda ni ɗan ƙasa ne, ƙasar da ba ta so na me zai sa in so ta. Na ce masa kabarin kakanka yana nan, gonar da ubanka ya bari tana nan, ba roƙo kake yi ba, naka ne. Bai ce mini komai ba, ya ɗauki wayarsa ya fita tsakar gida, na daɗe ina jiyo shi yana magana da abokansa a kan kuɗin hanyar Libiya.