Batir ɗaya, aiki biyu: abin da na lura da shi game da sola a masana'antu

A bayan ɗakin ajiyar kaya na kamfanin da nake aiki a Jamus akwai wasu fararen akwatunan ƙarfe guda biyu da suka ɗara mutum tsayi kaɗan, waɗanda in ba don ƙarar fankar da ke sanyaya su ba, mai wucewa ba zai san suna aiki ba. Baturan lithiyam ne, an haɗa su da farantan sola da suka lulluɓe rufin ginin. Ranar da aka sauke su na ɗauka, kamar yadda duk wanda ya tashi a inda ake ɗauke wuta zai ɗauka, cewa tanadi ne aka yi domin ranar da wuta za ta tafi. Mai kula da lantarkin kamfanin ne ya gyara mini fahimta, inda ya buɗe mini jadawalin mitar ginin a kwamfutarsa, ya sa yatsa a kan wani tsini guda da ya fita daban a safiyar wata Litinin, ya ce saboda wannan tsinin aka sayi baturan.

Na daɗe ina juya maganar a raina, domin ta nuna mini cewa na'ura guda tana iya zama abu biyu mabambanta gwargwadon ƙasar da aka kafa ta. A Jamus, alƙaluman hukumar da ke sa ido kan layukan wuta sun nuna cewa a shekarar 2023 matsakaicin lokacin da mai amfani da wuta ya yi babu ita bai kai minti 13 ba a shekarar gaba ɗaya. Mai masana'anta a irin wannan wuri ba ya kwana da fargabar duhu. Abin da ke damunsa shi ne yadda ake lissafa masa kuɗin wuta. Duk kamfanin da ke shan sama da kilowat-awa 100,000 a shekara ana sa masa mitar da ke auna nauyin da yake jawowa a kowane minti 15, sannan wani kaso na kuɗin amfani da layi ana yanke shi ne bisa mafi girman awon da aka samu a cikin shekarar. Ma'ana, idan wata safiya aka tada injinan sanyi da na ɗaga kaya da tanda a lokaci guda, wannan kwatan awa ɗaya tak shi zai bi kamfanin da caji har ƙarshen shekara. Aikin batirin shi ne ya zauna a shirye, da zarar ya ga nauyi na neman haura wani ƙa'idajjen mataki sai ya saki wutar da ya tara da rana ya cike gibin, ta yadda mita ba za ta ga tsinin ba. Bayan haka yana riƙe rarar wutar tsakar rana, wadda da a ce an tura ta layi da an saye ta da araha, domin a yi amfani da ita da yamma.

A ƙasashen da layin wuta ba shi da tabbas, labarin ya sha bamban tun daga tushe. A 2023 Afirka ta Kudu ta yi fiye da kwana 300 ana rabon wuta, kuma a Najeriya babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama a cikin 2024. A irin waɗannan wurare abokin hamayyar batir shi ne janaretan dizal, kuma lissafin da ake yi shi ne na litar mai da asarar kayan da suka lalace a kan inji. Janareta mai lafiya, idan an ɗora masa nauyin da ya dace, yana ba da kilowat-awa uku zuwa uku da rabi daga kowace lita, yana kuma fitar da iskar kabon kimanin kilo 2.7 daga litar. Idan aka bar shi yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, kamar yadda ake yi da dare domin fitilu da firji kawai, man ba ya ƙonewa sarai, sai ya riƙa taruwa a bututun hayaƙi yana rage wa injin kwana. Sannan akwai 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta, waɗanda ga ofis ba komai ba ne, amma ga injin da ke narka roba ko na saƙa suna nufin kaya sun daskare ko zare ya tsinke, a koma a share a sake daga farko. Batir yana karɓar nauyi kafin ƙiftawar ido.

Inda nake ganin ana yin kuskure mai tsada shi ne wajen ɗauko awon wannan wuri a kai wancan. A ƙaddara wata masana'anta tana jan kilowat 300 a yawancin lokaci, amma sau ɗaya a yini tana haurawa zuwa 500 na tsawon rabin awa. Domin a aske wannan tsini, batirin da ake bukata shi ne mai iya ba da kilowat 200 na rabin awa, wato kilowat-awa 100, da ɗan ƙari na tsaro. Idan kuwa abin da ake so shi ne wannan masana'anta ta yi aikin dare na awa takwas ba tare da layi ba, to kilowat-awa 2,400 ake magana, ninki 24 ke nan, kafin a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da ke salwanta tsakanin caji da saukewa, kafin kuma a tambayi ko rufin zai ɗauki farantan da za su ciyar da aikin rana su kuma cika wannan batir kafin faɗuwar rana. Janareta zai ƙona lita 700 ko fiye a wannan daren. Mutum zai karanta cewa wani kamfani a Turai ya mayar da kuɗin batirinsa cikin 'yan shekaru, ya ɗauka nasa ma haka zai kasance, alhali wancan ƙaramin batir ne da aka saya domin kwatan awa, shi kuwa batirin da zai riƙe masa aikin dare guda yake nema.

Duk da haka, ra'ayina shi ne batir ya fi daraja a inda wuta ba ta da tabbas fiye da nan inda nake zaune, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A nan yana rage wani layi ne a takardar kuɗin wuta. A can yana iya zama bambanci tsakanin masana'antar da ke biyan albashi da wadda ta rufe ƙofa, domin kowane kilowat-awa da ya bayar yana maye gurbin wuta mafi tsada da ake da ita, wato ta dizal. Abin takaici shi ne kuɗin sola da batir gaba ɗayansa a ranar farko ake biya, amfanin kuma a hankali yake dawowa cikin shekaru goma ko fiye, don haka kuɗin ruwan banki ne ke yanke hukunci. Kamfanin da zai ci bashi a kan kashi biyar cikin ɗari da wanda za a nema masa kashi 25 ba sana'a ɗaya suke yi ba, ko da akwati iri ɗaya suka saya daga masana'anta ɗaya a Sin. Shi ya sa nake ganin tsarin da wani kamfani ke kafa kayan da kuɗinsa, ya ci gaba da kula da su, mai masana'anta kuma ya riƙa biyan wutar da ya sha bisa yarjejeniyar shekaru, ya fi dacewa da irin waɗannan ƙasashe, muddin an rubuta yarjejeniyar a fili game da abin da zai faru idan darajar kuɗin ƙasa ta faɗi.

Farashin kayan kansa ya daina zama babbar hujjar jinkiri. Ƙididdigar kamfanin binciken harkar makamashi na BloombergNEF ta nuna cewa a 2010 kilowat-awa ɗaya na batirin lithiyam ya haura dala 1,000, amma a 2024 matsakaicinsa ya sauko zuwa dala 115. Wannan na batirin ne zalla, ban da inbata da wayoyi da na'urar sanyaya da kuɗin aiki, waɗanda ke ƙara kaso mai yawa. Pakistan ta nuna abin da ke faruwa idan araha ta haɗu da tsadar wutar layi, domin a 2024 kaɗai ta shigo da farantan sola na kimanin gigawat 17, kuma masu masana'antu da 'yan kasuwa da manoma ne suka saya da kansu ba tare da jiran wani shirin gwamnati ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba sai ranar da ya same su. Farantan sola da aka haɗa da layi ta inbata ta gama-gari suna daina ba da wuta da zarar layin ya mutu, ko da rana tana tsaka. Da gangan aka ƙera su haka, domin kada su tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ke gyarawa a kan falwaya. Ranar 28 ga Afrilun 2025, lokacin da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal da tsakar rana, gine-gine masu sola a rufi sun zauna babu wuta kamar kowa, in ban da waɗanda aka tsara su tsaya da ƙafarsu. Hatta batir ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da inbatar da ke iya kafa nata tsarin wuta da makunnin da ke raba ginin da layi. Baturan da ke bayan ɗakin ajiyarmu ba a yi musu wannan tsari ba, domin ba don haka aka saye su ba, kuma da za a ɗauke wuta gobe da mu da maƙwabtanmu duk ɗaya za mu zama. Wanda ke sayen batir domin gudun duhu dole ya tambayi wannan kafin komai, ya kuma tambayi ko inbatar za ta jure tashin manyan motocin lantarki, waɗanda a daƙiƙun farko kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da suke ja idan sun daidaita.

Zafi ma wani bambanci ne da ba a cika faɗa ba. Takardun masu ƙera batir galibi suna lissafa tsawon rayuwarsa ne a kan ma'aunin zafi 25. Batir mai ruwa, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859 kuma har yau ake saye saboda sauƙin kuɗinsa, yana rasa kusan rabin rayuwarsa idan zafin ɗakin ya ƙaru da maki takwas zuwa goma a kan haka, ga shi ba a so a sauke shi ƙasa da rabi. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata. Nau'in LFP, wato batirin lithiyam da aka haɗa da ƙarfe da sinadarin fosfet, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a shekarun 1990, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ana kuma iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ke cikinsa, amma shi ma zafi yana tsufar da shi. A Jamus fanka ta ishe shi a yawancin watanni. A ƙasar da zafin inuwa ke haura 40, na'urar sanyaya akwatin za ta ci wani kaso na wutar da aka tara, kuma wannan kaso ya kamata ya fito a lissafi tun kafin a sa hannu. Su kansu farantan suna rage abin da suke bayarwa da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari a kan kowane maki da suka ɗara 25, ban da ƙurar da ke kwanta musu.

Batun gobara ba na wasa ba ne, kuma ba na son a ɓoye shi domin a sayar da kaya. A Afrilun 2019 wani rumbun batir ya fashe a jihar Arizona ta Amurka ya jikkata 'yan kwana-kwana, sannan a Janairun 2025 gobara ta cinye babban sashe na tashar batir ta Moss Landing a Kalifoniya har aka kwashe mazauna yankin. Baturan wuraren biyu duka nau'in lithiyam da ke ɗauke da nikel da kobal ne, wanda ya fi LFP saurin kamawa, amma darasin ya shafi kowa: a ajiye batir a waje, nesa da bango da kayan da ke cin wuta, a sa masa na'urar gano hayaƙi da iskar gas, a kuma sanar da masu kashe gobara abin da ke cikin akwatin. A nan kamfanin inshora ba zai yarda ba sai ya ga an yi haka. A inda babu mai tilastawa, nauyin ya koma wuyan mai masana'anta shi kaɗai.

Ban goyi bayan masu cewa a sayar da janareta ranar da aka kafa sola ba. Tsarin da na fi gamsuwa da shi ga masana'antar da layinta ba shi da tabbas shi ne sola ta ɗauki aikin rana, batir matsakaici ya ɗauki tsinkewar wuta da awannin farko na yamma da ƙaramin nauyin dare, janareta kuma ya tashi na 'yan awanni da cikakken nauyi, yana ciyar da injina yana cika batir a lokaci guda, sannan ya mutu. Ta haka man da yake ƙonawa yana fitar da amfaninsa, awannin aikinsa suna raguwa, gyaransa yana jinkirta, kuma kwanakin hadari ko hazo ba sa tsayar da aiki. Kafin a kai ga wannan sai an san yadda masana'antar ke shan wuta sa'a bayan sa'a. Mai kula da lantarkinmu ya iya sa yatsa a kan safiyar Litinin ɗin nan ne saboda mita ta riga ta tara masa awon shekara guda, minti 15 bayan minti 15. Inda babu irin wannan mita, ana iya ɗaura ƙaramar na'urar awo a kan babban allon wutar masana'anta na tsawon wata guda ko biyu, a haɗa da littafin da mai gadin janareta ke rubuta awanni da litocin mai, sannan a kira masu sayar da batir su zo su yi magana a kan waɗannan alƙaluma.